Daga Bauchi Zuwa Dubai: Yadda Muka Shirya Kai Yaranmu Legoland

Maigidana ɗan kasuwa ne a Bauchi, yana sayar da yadudduka da mayafai da turare, kuma ya daɗe yana zuwa Dubai saro kaya, amma duk tsawon shekarun nan abin da ya sani na birnin bai wuce unguwar Deira ba, wato shagunan da yake sari da masu ɗora masa kaya a jirgi da ƙaramin otal ɗin da yake kwana. Ni kuwa malamar sakandare ce, kuma duk tafiyar da muka taɓa yi da yara ta biki ce ko ta ta'aziyya ko ziyarar dangi a Azare da Gombe da Kano. Tafiya don hutu kawai, wadda ba ɗaurin aure ko suna ya kira ta ba, baƙon abu ce a gidanmu, kamar yadda take a gidaje da dama na garinmu. Saboda haka da muka yanke shawarar kai yara wurin wasanni na musamman a ƙasar waje, babu wanda za mu tambaya a dangi, sai muka shiga binciken komai da kanmu tun daga tushe.

Yaran uku ne. Babbansu namiji ne mai shekara goma sha uku, sai ta tsakiya mai shekara tara, sai auta mai shekara biyar, kuma dukkansu Disneyland suke kira, domin shi suke gani a waya. Na zauna na karanta tarihin wurin don in san abin da nake shirin hana su. An buɗe na farko a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1955, aka buɗe babban na Fulorida a 1971, sannan na kusa da birnin Faris a 1992, wanda shi ne mafi kusa da mu. Amma neman bizar Amurka ko ta Turai ga iyali gaba ɗaya, da zuwa Abuja ko Legas don ganawa, da kuɗin da ba ya dawowa idan an hana, ga kuma sanyin Faransa a watan Disamba, sun fi ƙarfin abin da muka tanada. A watan Mayun 2025 an sanar cewa za a gina wurin wasan Disney a tsibirin Yas na Abu Dabi, sai dai sanarwa ce kawai a lokacin, gini kuwa sai nan da shekaru. Muka koma kan Dubai, inda maigida ya san hanya, ga abinci na halal a ko'ina, ga ɗakunan salla har cikin wuraren wasan.

Ita ma Dubai ɗin ba a buɗe take ba a kowane lokaci. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza a watan Oktoban 2022, ba a dawo da bayarwa ba sai a watan Yulin 2024, kuma ko bayan dawowar sharuɗɗan sun fi na da tsauri. Wakilin tafiye-tafiyen da ya yi mana aikin ya nemi takardar bayanin asusun banki ta wata shida, da shaidar masauki, da tikitin zuwa da dawowa, da takardun haihuwar yara. Abin da ya sa nake ganin mutum bai kamata ya biya kuɗin da ba a mayarwa ba, na otal ko na shiga wurin wasa, sai bizar ta fito ya riƙe ta a hannunsa, haka kuwa muka yi.

Kafin a kai ga maganar takardu, sai da maganar ta bi ta wurin Hajiya, mahaifiyar maigidana, wadda take zaune tare da mu. Da ya gaya mata, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Yanzu kuɗin da ya isa a yi Umara da shi za ku kwasa ku kai wajen lilo?" Tambayar ba ta ba ni haushi ba, domin tambaya ce mai nauyi, kuma na san da yawa daga cikin masu karanta wannan za su yi ta. Na durƙusa na ce, "Hajiya, gaskiyarki ne, kuma in Allah ya yarda adashi na gaba na Umara ne. Amma Umara tana nan ko bayan shekara goma, shi kuwa Legoland, wurin wasan da muke son kai su, an gina shi ne don yara 'yan shekara biyu zuwa goma sha biyu, Yayansu ma har ya wuce." Maigida ya ƙara da cewa ba zai tafi ya bar ta a gida ba. Ta ce ita ina ita ina lilo, amma ba ta ce a'a ba, mu kuwa mun san ma'anar hakan. Shigarta cikin tafiyar ce ta canza fasalin shirin gaba ɗaya, domin daga ranar kowace shawara sai mun auna ta da ƙafar Hajiya mai ciwon gwiwa da kuma tsawon auta.

Zaɓen lokaci bai ba mu wahala ba, tunda ina koyarwa kuma jadawalin makaranta a kaina yake. Babban hutu na ƙarshen zango na uku yana faɗawa ne a watan Agusta, lokacin da zafin Dubai yake haura digiri 40 ga kuma gumi mai toshe numfashi, alhali mafi yawan wasannin Legoland a fili suke. Hutun Disamba gajere ne, kuma a lokacin otal da jirgi suka fi tsada saboda duniya duka can take nufa, amma da rana zafin ba ya wuce digiri 25 ko sama kaɗan, da dare kuma har mutum ya nemi rigar sanyi. Mun gwammace mu biya tsadar da mu ja tsohuwa da ƙaramin yaro cikin rana.

Takardu su suka ci mafi yawan watanni. Kowane yaro, komai ƙanƙantarsa, sai da fasfonsa, fasfo kuma ba ya samuwa sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, ita ma ana neman takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa kafin a yi wa yaro. Abin da na fi jaddada wa duk wanda ya tambaye ni shi ne rubutun suna da ranar haihuwa su zo iri ɗaya a takardun nan uku, domin a ƙasarmu suna ɗaya ana iya rubuta shi ta hanya uku, kuma harafi guda ya isa ya tsayar da aiki makonni. Daga ranar 1 ga Satumban 2025 kuɗin fasfo mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira dubu 100, mai shafi 64 na shekara goma kuma naira dubu 200, don haka iyali mai yara da yawa su san cewa wannan kaɗai kaso ne mai zaman kansa a cikin lissafi. Sai katin allurar rigakafin cutar shawara mai launin ruwan ɗorawa, wanda allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana goma da yin ta, saboda haka ba abin da za a bari sai ana gobe tafiya ba ne.

Inda na fi ɓata lokaci, kuma inda nake ganin nasarar tafiyar ta fito, shi ne zaɓen wurin da za mu shiga. Dubai da Abu Dabi cike suke da irin waɗannan wurare. A yankin Jabal Ali akwai Dubai Parks and Resorts da aka buɗe a 2016, wanda ya haɗa Legoland da wurin wasan ruwansa da Motiongate a waje guda. Akwai IMG Worlds of Adventure da yake rufe cikin sanyin na'ura. A tsibirin Yas akwai Ferrari World na 2010, inda wani jirgin wasa yake gudun kilomita 240 a awa guda, da Warner Bros. World na 2018, da SeaWorld na 2023. Maigida, da zuciyar ɗan kasuwa, ya so mu sayi tikitin da ya haɗa wurare da yawa tunda ya fi rahusa idan aka raba. Ni kuwa na lura cewa a waɗannan wurare ba shekarun yaro ake tambaya a bakin kowane lilo ba, tsawonsa ake aunawa da sanda, kuma ma'aikacin ba ya jin roƙo ko da santimita ɗaya ce ta rage, domin ƙarfen da ke riƙe mai hawa an yi shi ne daidai da wani girman jiki. Na ɗauko awon tela na tsayar da yaran a jikin bango na auna su, na shiga shafin intanet na kowane wuri na rubuta abin da kowannensu zai iya hawa. Lissafin ya nuna cewa a manyan wuraren gudu auta zai yini ne yana kallon 'yan'uwansa daga bayan shinge, a Legoland kuwa kusan komai zai hau, wani shi kaɗai, wani tare da babba. Muka tsayar da Legoland don kowa da kowa, da rana guda ta Motiongate don Yayansu da mahaifinsa, muka bar Abu Dabi gaba ɗaya.

Kafin mu kashe kuɗi mai yawa, mun yi gwaji a gida. Muka ɗauki yaran da Hajiya zuwa Yankari, tafiyar da ba ta fi kilomita ɗari da 'yan kai ba daga Bauchi ta hanyar Dindima, muka kwana, yaran suka yi wanka a ruwan Wikki da ɗuminsa yake tsaye a digiri 31 rani da damina. Abin kunya ne a ce gandun da aka kafa tun 1956 yana jiharmu amma yaranmu ba su taɓa ganinsa ba, kuma ina ganin duk mai shirin fita waje da iyali ya kamata ya fara da nan. A can na gane cewa ta tsakiya tana jin jiri a mota idan ta ci abu mai maiƙo, auta kuma idan azahar ta wuce bai yi barci ba babu mai jin daɗinsa, Hajiya kuwa tafiyar minti goma ce iyakarta kafin ta nemi wurin zama. A kan waɗannan abubuwa uku na gina jadawalin Dubai.

Kuɗin kuwa adashi biyu ne suka haɗa shi, nawa na makaranta da nasa na kasuwa. Tunda aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, ajiye kuɗin tafiya a naira ya zama kasada, saboda haka duk kwasar da muka yi sai mu canza ta zuwa dala. Dirhamin Dubai a ɗaure yake da dala, dirhami 3.67 a kowace dala ɗaya, wannan ya sauƙaƙa mana lissafi ƙwarai.

Mun bar Bauchi bayan sallar asuba cikin hazon hunturu, muka bi ta Kafin Madaki da Ningi da Birnin Kudu da Wudil zuwa Kano, muka kwana a gidan ƙanwar maigida don kada a yi gaggawa da tsohuwa. Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano muka tashi, muka ya da zango a Adis Ababa ta ƙasar Habasha. Tun lokacin sayen tikiti na nemi a tanadar wa Hajiya keken guragu, kuma wannan ya taimake mu fiye da yadda na zata, domin tsakanin ƙofar jirgi da ƙofar jirgi a manyan filayen nan tafiya ce mai nisa. Da jirgin ya ɗaga daga Kano, auta ya manna goshi a taga yana kiran, "Mama, gidaje sun zama ƙanana!" Hajiya kuwa carbinta kawai take ja. Agogon Dubai yana gaban namu da awa uku, don haka ranar farko ba mu sa komai a jadawali ba sai barci da sayen ruwa da burodi.

Mun kama masauki mai ɗakin girki a Deira, duk da cewa daga nan zuwa wurin wasan tafiyar kusan awa guda ce a mota, domin yana can ƙarshen gari ta hanyar Abu Dabi. Otal-otal na kusa da wurin sun fi tsada, abincin yankin kuma ba irin wanda Hajiya za ta iya ci ba ne. Na taho da garin masara da kuka da daddawa da yaji, kuma tuwon dare da nake tuƙawa ya rage mana kashe kuɗi, ya kuma sa tsohuwa ba ta ji baƙunta sosai ba. Ita ce ma ta tunatar da mu cewa tunda mun yi niyyar zaman da ya kai kwana huɗu, ƙasaru ta ƙare daga isowarmu, sai mu cika sallolinmu kamar muna gida.

Ranar Legoland mun zaɓi tsakiyar mako, domin tun daga Janairun 2022 hutun ƙarshen mako a can ya koma Asabar da Lahadi, da rabin ranar Juma'a. Mun isa kafin a buɗe ƙofa, tikitinmu a waya tunda na intanet ya fi na bakin ƙofa sauƙi, muka karɓi hayar keken guragu, na sa wa kowane yaro takarda a aljihu mai lambar wayar mahaifinsa, na kuma nuna musu irin rigar ma'aikatan wurin na ce duk wanda ya ɓace ya nufi mai irin wannan riga, kada ya bi kowa. An buɗe wurin ne a ranar 31 ga Oktoban 2016, an raba shi shiyya shida, kuma an gina abubuwan da ke ciki da ƙananan tubalan roba na Lego fiye da miliyan 60, irin waɗanda aka fara ƙerawa a ƙasar Denmak, inda aka buɗe Legoland na farko a garin Billund a 1968.

Mun fara da makarantar tuƙi, inda ake ba yara ƙananan motoci masu lantarki su tuƙa a kan tituna masu danja da alamomin hanya, an kuma raba na ƙanana daban da na manya. Auta ya riƙe sitiyari da hannu biyu, fuskarsa a ɗaure kamar direban da ya ɗauko fasinja daga tashar Muda Lawal, kuma da danja ta nuna ja ya tsaya cak yana waiwayen mahaifinsa don ya tabbatar an gan shi. Daga nan muka shiga wasan kashe gobara, wanda iyali guda suke hawa mota su riƙa danna famfo da ƙarfinsu don ta yi gaba, su sauka su watsa ruwa, su dawo, ana tsere da sauran iyalai. A nan na ga maigidana, mutumin da yaransa suka saba gani da daddare a gajiye yana lissafin kasuwa, ya naɗe hannun riga yana ihu yana cewa, "Yaya, danna da ƙarfi, za su wuce mu!" Ban taɓa ganin yaran sun yi dariya da mahaifinsu irin ta wannan rana ba, kuma a wurina wannan kaɗai ya biya kuɗin jirgin.

Da rana ta take muka koma Miniland, wanda yake rufe ƙarƙashin wata babbar ƙubba mai sanyi, kamar yadda na tsara don lokacin barcin auta. A ciki an gina fitattun gine-ginen yankin da tubalan Lego, har da hasumiyar Burj Khalifa mai tsawon mita 17, alhali ta gaskiyar da aka buɗe a 2010 mita 828 ce. Hajiya, wadda ta ce ba ruwanta da lilo, ita ta fi kowa daɗewa a nan. Ta sa aka tsayar da kekenta a gaban masallacin Shehu Zayid na Abu Dabi da aka gina da fararen tubala, tana ƙirga ƙubbobinsa, tana tambayar ta tsakiya ko da hannu aka jera su ɗaya bayan ɗaya. Da aka ce mata da hannu ne, ta ce, "Allah mai iko, mai wannan aiki ya yi haƙuri." Muka yi azahar a ɗakin salla na wurin, na mata daban da na maza, da wurin alwala mai tsabta.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba, kuma ya kamata iyaye su shirya masa. Abinci a cikin irin waɗannan wurare yana da tsada ƙwarai, sannan an tsara hanyoyin ta yadda yaro ba zai fita ba sai ya ratsa ta cikin shagon kayan wasa. Tun a masauki na ware wa kowane yaro dirhamin da zai kashe na damƙa masa a ambulan, na ce idan ya ƙare ya ƙare, saboda haka rigimar da na ga wasu iyaye suna sha a bakin shago ba ta same mu ba. Tikitin tsallake layi da ake sayarwa daban ma ba mu saya ba, zuwan sassafe ya wadatar da mu. Wurin wasan ruwa kuwa mun bar shi, tunda yaran sun riga sun sha wanka a Wikki, ni da Hajiya kuma zaman jira kawai za mu yi.

Washegari hutu muka yi. Da la'asar maigida ya zagaya da mu Deira tasa, ya nuna wa yaran shagunan da kayan shagonsa suke fitowa, muka haye mashigin ruwan da ya raba tsohon gari biyu a cikin kwalekwalen katako da suke kira abra, dirhami ɗaya kowane mutum. Ranar da shi da Yayansu suka tafi Motiongate hawan manyan jiragen gudu, ni da sauran muka shiga jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a 2009, a taragon da aka keɓe wa mata da yara, muka je kallon kifaye da ruwan da ke tashi sama a gindin Burj Khalifa. Daren ƙarshe muka yi shi a Global Village, kasuwar baje koli da ke ci a watannin sanyi kawai, inda kowace ƙasa take da rumfarta, a nan Hajiya ta sayi dabino da zuma da turaren wuta na tsarabar maƙwabta.

Da muka dawo Bauchi aka koma makaranta, abokan aikina sun fi tambayata kuɗin shiga wurin wasan, na nuna musu littafin da na riƙa rubuta kashe-kashenmu, suka ga cewa tikitin shiga shi ne ƙaramin kaso, jirgi da masauki da biza da fasfo su ne suka cinye mafi yawa. Wata malama mai yara biyar ta duba ta ce ita da Yankari za ta fara a hutun Sallah, na ba ta lissafin abin da muka kashe a can. Mu kuma mun shiga sabon adashi a watan Janairu, kuma kamar yadda na yi wa Hajiya alkawari, na Umara ne.